Waccan Allurar

Yayana tela ne. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana zaune a kan kujera ɗaya a shago ɗaya, in har za a kira abin da yake yi zama. Ƙafafunsa ba sa hutawa. Ko keken ɗinkin ba ya aiki za ka ga dugadugansa na taka iska, tef ɗin awo rataye a wuya, allura biyu ko uku a gefen baki, yana magana ta tsakaninsu. 'Yan layinmu Sai-Gobe suke ce masa, don ba a taɓa zuwa karɓar ɗinki a ranar da ya sa aka tarar ya gama ba. Amma ba sa kai wa wani, saboda in Yaya ya yanka maka riga sai ka rantse a jikinka ta tsiro. Ni Yaya nake ce masa, shi kuma Auta yake ce min har yau da na aurar da 'ya. Shagona na kallon nasa, zare da maɓalli da zif nake sayarwa. Don haka duk abin da zai yi a idona yake yi, kuma ni ban taɓa iya gani in yi shiru ba.

To mutumin nan da ke cin abinci da allura, tsoron allura yake ji. Ta asibiti nake nufi. Ko sunanta ba ya kira. In tasa ce ta ɗinki zai ce allura sau ɗari a wuni, amma in ta asibiti ce sai ya ce "waccan", ya kawar da kai kamar mai kauce wa hayaƙi.

Mun daɗe muna dariyar abin. Tela mai tsoron allura, ai ko ba ka da lafiya sai ka dara. A gidanmu in hira ta mutu, a kan Yaya ake tayar da ita. Shi ma yakan taya mu, irin dariyar da ba ta wuce haƙori. Ni ce kan gaba wajen tsokana, na amsa laifina. Na ɗauka shagwaɓa ce ta ɗan fari da Inna ta sangarta. Ban taɓa zama na haɗa abubuwan wuri ɗaya ba. Haƙorinsa na dama ya ruɓe har ya farfashe da kansa don kada a je cirewa. Wani kamfanin ɗinki ya taɓa nemansa da albashi mai kyau, da ya ji sai an yi gwajin jini ya ce shi ba ya son a riƙa ba shi umarni. Haihuwar 'ya'yansa huɗu duk a bakin titi ya jira ta, yana kai da komo gaban masu sayar da ruwa. Da Inna ta kwanta ciwon ajali, ta taga yake gaishe ta saboda robar ƙarin ruwan da ke hannunta. Wannan na riƙe shi a raina shekaru, na ce rashin tausayi ne.

Shekara shida da suka wuce ciwon suga ya kama shi. An gano ne ranar da ya faɗi a shago, aka ɗebi jininsa bai san inda kansa yake ba. Aka ɗora shi a kan ƙwayoyi, yana sha ba fashi, domin Yaya ba ya gudun magani komai ɗacinsa. Amma duk ranar gwajin jini sai ɗinkin gaggawa ya taso, likita ma ya shiga layin masu jiran gobe. Ana nan har ƙwayoyin suka daina riƙe ciwon. Ya rame, rigunan da ya ɗinka wa kansa suka koma kamar na aro, ga shan ruwa, ga zaryar ban ɗaki. Ranar da likita ya ce sai an koma allurar insulin kullum, matarsa ta ce min bai bari an ƙarasa maganar ba. Ya ce zai je ya kama ruwa. A shago ta same shi, ya bar hularsa a kan teburin likita.

A nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai na tashi daga inda nake zaune. Na ce wasan ya isa haka, mutum ba zai kashe kansa a kan ɗan tsinke ba. Akwai wata ma'aikaciyar jinya a bayan layinmu, kowa Sista yake ce mata. Na roƙe ta ta zo ta ɗebi jininsa a shago. Na kuma sa Baban yara, wato mijina, wanda shi kaɗai yake ɗaga tayar babbar mota, ya zo da ƙaninsa. Tunanina shi ne in aka danne shi sau ɗaya ya ji ashe ba wani zafi, shi ke nan ya warke. Har na shirya abin da zan ce masa bayan an gama.

Da rana tsaka muka shigar masa. Yana ganin jakar Sista ya miƙe, alluran bakinsa suka zube. Baban yara ya kama kafaɗu, ƙanin ya kama hannu, ni ina tsaye a ƙofa ina cewa ya ji kunya, ga mata na kallo. Bai yi ihu ba. Kallona kawai ya yi, gumi ya keto masa, leɓɓansa suka yi fari, sai jikinsa ya saki gaba ɗaya. Su kuma da suka ji ya daina kokawa suka sassauta, ya sulale, goshinsa ya daki ƙarfen keke. Ba a samu ko ɗigon jini ba sai wanda ya zuba a ƙasa. Da ya farfaɗo ya ga wandonsa a jiƙe, ga mutanen layi cike da ƙofa.

Wata takwas bai taka asibiti ba bayan wannan, ƙwayoyin ma a kantin magani ya koma saya. Ni kuma wata biyu bai ce min uffan ba, daga baya ma gaisuwa ce kawai. In yana son zare sai ya tsallako ya nuna da yatsa. Na kasa zaune na kasa tsaye. In jera maɓallai in rushe, in share gaban shago sau uku, duk ina satar kallonsa. Bakina kuwa ya ƙi ba da haƙuri, wai ni don lafiyarsa na yi.

Zare ne ya tona shi. Yaya mutum ne mai fitina a kan launi, yakan kawo ƙyallen yadi ya sa in sauke kwali biyar kafin ya yarda shuɗin ya yi. Sai na lura ya daina kawo ƙyalle. Fari da baƙi kawai yake ɗauka, mako bayan mako. Wata rana wata mata ta dawo masa da riga ruwan ƙasa da ya bi da baƙin zare, tana faɗa har ƙarshen layi ana ji. Da ta tafi na tsallaka, na tsaya a bayansa bai sani ba. Ƙoƙari yake ya zura zare a kafar allurar keke. Ya lashi bakin zaren, ya kai, ya wuce ta gefe. Ya sake. Na ƙirga har sau goma sha ɗaya, mutumin da a da yake zura zare yana kallon titi. Ashe shi ya sa ya daina canza launi, in ya samu ɗaya ya shiga da safe, da shi zai wuni.

Na karɓa na zura masa, ban san sanda hawaye ya zubo min ba. Na ce, "Yaya, ka yafe min." Ya ce ba komai, bai ko ɗago ba. Sai can ya ce, "Auta, dishi-dishi nake gani." Ciwon ya hau ido. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, domin in ido ya tafi tela ya tafi, ga mata ga yara biyu ba su gama makaranta ba. Kuma na san Yaya, in aka raba shi da keken nan ba zai daɗe ba.

Sista ce ta kawo mafita, ita ma abin na cin ta tun ranar. Ta ce ta yi tambaya a wurin aiki, an gaya mata abin da ke damun Yaya ciwo ne da aka sani, ba ragwanci ba. Akwai wata likita a hawa na biyu na asibitinsu da aikinta ke nan, masu tsoron hawa sama, masu tsoron kare, masu tsoron shiga matsattsen wuri, duk wurinta ake tura su. Na ce a raina, wato har tsoro ma an buɗe masa ofis. Sai dai ba ni da wata dabarar, tawa na ga inda ta kai mu.

Yaya ya tambaya ko ɗakin mahaukata za a kai shi. Na rantse masa ba shi ba ne, kuma ba mai taɓa shi. Sau uku muna tafiya. Na farko a ƙofar asibiti ya tuna bai kashe dutsen guga ba. Na biyu mun kai matakala, warin maganin goge fata ya buge shi ya juya. Na uku na haɗiye duk abin da ke bakina har muka isa.

Likitar 'yar ƙaramar mace ce, na girme ta, kuma ba ta sa farar riga ba. Abin da ta fara yi shi ne ta jawo aljihunan teburinta ɗaya bayan ɗaya, ta nuna masa ba komai ciki sai takardu da biro. Ta bar ƙofa a buɗe, ta ba shi kujerar da ta fi kusa da fita. Ta ce ba abin da zai taɓa fatarsa a ɗakin nan sai ya ce to da bakinsa. Da ta tambayi yaushe abin ya fara, ya ce shi dai ya tuna layin rigakafi a makaranta, da malamai biyu da suka riƙe shi, da yara suna dariya sanda ya buɗe ido. Ta ce wasu suna tunawa, wasu ba su san mafari ba, kuma duk ana magance su. Da ya zo kan abin da ya faru a shago bai ce ni ce ba, ya ce wasu 'yan uwa. Ita ma ba ta kalle ni ba, ta ce kawai dannewa ba ta cire tsoro, saiwa take ƙara masa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta yi masa bayani, ni ma na ƙaru. Tsoro kowa na da shi, kuma yana da amfaninsa. Amma akwai wanda yake fin abin da ake tsoron girma nesa ba kusa ba, mai shi ya san ya fi, sanin kuma ba ya hana komai. Duk sanda mutum ya gudu ya ji sanyi a ransa, jiki sai ya ɗauka gudun ne ya cece shi, wani karon ya ƙara saurin gudu. Na allura da jini kuma yana da nasa halin. Zuciya ta buga da ƙarfi, sai jini ya sauka farat ɗaya ya bar kai, mutum ya suma. Yaya ya gyara zama. Ya ce abin da yake son faɗa ke nan shekara da shekaru, ba ƙi yake yi ba, jikinsa ne ke tafiya ya bar shi.

Sai ta yi masa tambayar da ni ban taɓa yi ba sai da dariya. Ta ce me ya raba allurarsa da waccan? Ya daɗe yana murza bakin tef. Sannan ya ce, "Tawa ni nake riƙe da ita. Ni nake cewa ta shiga nan, ta fita nan. Waccan a hannun wani take, kuma ni ne yadin."

Likita ta ajiye biro. Ta ce, "To ai Malam, insulin ba wani ke yi maka ba. Kai za ka riƙe, kai za ka zaɓi wurin." Ya kalle ta kamar ta yi masa wani yare. Kusan shekara ana ce masa za a yi maka, za a yi maka, daga likita har mu na gida. Ba wanda ya taɓa ce masa za ka yi.

Kafin komai ta koya masa yadda zai tare suma. Ya ɗaure naman cinyoyi da ciki da damatsa tamau, ya ƙirga goma sha biyar har ya ji ɗumi ya hau fuska, ya saki ya huta, ya sake, sau biyar. Wannan ke hana jinin sauka. Ga wanda ya shekara talatin yana taka keke, cinya ba matsala ba ce. Sai dai in yana gwadawa a shago fuskarsa takan koma ta mai murɗar ciki, har wani da ya kawo ɗinki ya tsallako ya tambaye ni ko a nemo mota.

Sannan suka rubuta matakai, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, shi yake jerawa da kansa. Ta ce a kowane mataki ya faɗi girman tsoronsa daga ɗaya zuwa goma. Ya ce shi bai iya ƙirga tsoro ba. Ta nuna tef ɗin wuyansa ta ce to ya auna. Daga ranar inci ya zama yarensu. Kiran sunan waccan da baki, inci uku. Kallon hotonta, inci biyar. Riƙe sirinji da murfinsa, takwas. Dokar ita ce ba ya tashi daga mataki sai awon ya ragu da rabi, ko za a kai awa guda, kuma ba a tsallake. Na ga Yaya zaune da sirinji a tafin hannu, gumi na ɗiga ta haɓa, yana cewa takwas, takwas, bakwai da rabi. Ni da aka ce in zauna a kusurwa in yi shiru, wallahi ban san wanda ya fi shan wuya a cikinmu ba.

Ba a tafi sumul ba. A mako na huɗu aka kai shi ya kalli yadda ake ɗibar jinin wata dattijuwa da ta yarda a kalla. Ya shagala ya manta da ɗaure jiki, sai ga shi ya sulale daga kujera. Mako biyu bai koma ba, ya ce ya gwada kowa ya gani, a ƙyale shi. Na buɗe baki zan fara, matarsa ta taka min ƙafa. Likita ta aiko masa da saƙo cewa suma ba faɗuwa jarrabawa ba ce, su ne suka yi wa matakin gaggawa, ya zo su koma na ƙasa. Abin da ya mayar da shi ban sani ba. Na dai ga shagonsa a rufe wata Talata, na bi sawu, na same shi a ɗakin likitar yana soka wa lemo allura, yana gunaguni wai ko rabin allurar keke lamba goma sha huɗu ba ta kai kauri ba. Mako biyu bayan nan ya huda yatsarsa da kansa aka auna suga.

Ranar da ya yi wa kansa ta farko da safe ne, a gaban likita da Sista. Ya ɗaga riga, ya tattaro fatar ciki da yatsu biyu yadda yake tattaro yadi, ya tsaya. Minti nawa ban sani ba, na dai karanta duk takardun da ke manne a bango har da ta kashe gobara. Sai na ji ya ce, "Shi ke nan?" Ya dubi cikinsa, ya dubi allurar. Bai yi murna ba, haushi ne ya kama shi, ya ce a kan wannan ɗan abin. Likita ta ce a wurinsa ba ɗan abu ba ne, kuma ba a gama ba, washegari ma zai ji tsoro, sai dai ƙasa da na ranar. Haka kuwa aka yi. Ɗibar jini ta fi ba shi wuya, da yake ita a hannun wani take. A kwance ake yi masa, kuma ba a sokawa sai ya ce a shiga.

Suga ya sauka, jiki ya fara dawowa, amma ido bai washe ba. Aka tura mu wurin likitan ido. Ya ɗiga masa magani, ya haska, ya daɗe yana dubawa, ya fi daɗewa a na hagu. Ya ce na hagun ya yi nisa, ba zai dawo yadda za a yi aiki da shi ba. Na dama ana iya riƙe shi, amma akwai kumburi can ciki, kuma maganinsa allura ce da ake yi a cikin idon kansa, sau uku, wata-wata, bayan an kashe zafin wurin.

Na kalli Yaya. Leɓɓansa sun fara fari, amma na ga cinyoyinsa sun ɗaure a cikin wando, bakinsa na motsi yana ƙirga. Da ya gama ya tambaya ko zai iya ganin ɗakin da kujerar tukuna, kuma ko za a yarda shi zai ce a fara. Likitan ya ce za a yarda. Aka sa Alhamis. Har mun miƙe sai ya juyo ya ce, na hagun fa, da ya zo da wuri? Likitan ya ce da an zo wata tara ko goma baya, da akwai abin yi.

Ba sai an yi min bayani ba. A cikin watannin da ya ƙaurace wa asibiti saboda abin da na sa aka yi masa idon ya tafi. A cikin tasi na yi ta gaya wa kaina wataƙila ko ban yi ba da bai yarda ya je ba. Bai rage min komai ba.

Da muka iso ya buɗe shago ya tsaya a tsakiya. Ya rufe idon dama da tafin hannu ya fuskance ni. Ya ce, "Ba na ganin ki, Auta. Na dai san kina nan." Na fara cewa ni na jawo, ya sauke hannun ya ce in bar maganar, in zo in kama masa keke. Taga a hagunsa take tun ranar da ya buɗe shagon. Muka ja, muka juya keken har hasken ya faɗo ta dama. Ƙafafun keken sun bar ramuka huɗu a siminti. Yaya ya zauna ya gwada, ya ce a ƙara matsawa kaɗan, muka ƙara.

Sannan ya ce ranar Alhamis in zo da wuri. Ya ce ya san zai tsaya a bakin ƙofa, wataƙila ma ya juya. In na ga haka kar in ce masa komai, kar in kama masa hannu, in tsaya kawai ta damansa, inda zai gan ni. Na ce to.